Bayan kyamara: Yadda ake haɗa shirin talabijin kan fasahar sararin samaniya, daga tashar Kano zuwa Wurma

A garuruwan yankin Kurfi da Dutsin-Ma, irin su Wurma, ba sai mutum ya yi dogon nema ba zai hangi kwanon tauraron ɗan Adam kafe a kan rufin shago ko gidan kallon ƙwallo. Mai saiti ya zo sau ɗaya, ya juya kwanon har hoto ya fito, ya ɗaure kusoshi, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Tun daga ranar kwanon yake fuskantar wuri guda a sama, ba ya bin rana, ba ya bin wata. Dalili kuwa shi ne tauraron da yake kallo yana can nisan kilomita 35,786 a saman tsakiyar duniya, inda zagayensa ɗaya ke ɗaukar yini da kwana cur, daidai da juyawar duniyar kanta. Shi ya sa mai kallo daga ƙasa yake ganin kamar tsaye yake.

Ashe ke nan kowane wasan ƙwallo da aka kalla a Wurma, da kowane tafsiri, da kowane wasan kwaikwayo, sai da ya hau wannan nisa ya sauko kafin ya iso. Amma shirin da zai zauna ya bayyana wa mai kallo wannan al'amari da Hausa, cikin natsuwa, ba kasafai ake cin karo da shi a tashoshinmu ba. Masu tashoshi kan ce tsada ce. Gaskiya ne akwai tsada, sai dai ba ita kaɗai ba ce. Wanda ya leƙa bayan kyamara zai tarar cewa shiri irin wannan yana da wahalhalun da wasan kwaikwayo ko hirar siyasa ba su san su ba, tun daga neman izini har zuwa neman kalmar da za a kira abu da ita.

Labari ya riga kyamara

Aikin farko ba na mai ɗaukar hoto ba ne, na mai bincike ne. Kafin a hayo mota ko a caja batir, sai an san labarin da za a bayar. A nan mashiryin da ke Arewa yake da sa'ar da bai cika sanin yana da ita ba, domin labarin na gidansu ne.

Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jiragen sama uku na sojin saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Daga wannan rana ake fara ƙirga tarihin sufurin jiragen sama a Nijeriya. Shekara 36 da 'yan watanni bayan haka, Kano ta sake shiga wani tarihin da ya fi wannan nisa. Lokacin da Amurka ta shirya tura mutum ya zagaya duniya cikin kumbo, hukumar NASA ta kafa jerin tashoshin bibiya a sassan duniya, domin kada kumbon ya daɗe ba tare da wani yana jin muryar matuƙinsa ba. Guda ɗaya aka kafa a Kano, wata kuma a tsibirin Zanzibar. Ranar 20 ga Fabrairu, 1962, John Glenn ya zagaya duniya sau uku cikin kumbon Friendship 7. Da ya shigo saman Afirka a zagayen farko, ya ba da rahoton cewa yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa, ma'aikatan tashar Kano kuma suka tabbatar masa cewa an kwana biyu ana iska mai ƙarfi a yankin. Duk wanda ya san Fabrairu a ƙasar Hausa ya san abin da mutumin ya gani: hazon hunturu ne, wanda muke tari saboda shi, shi kuma ya leƙo shi ta taga daga sama.

Bayan shekara guda da rabi, ranar 23 ga Agusta, 1963, Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shugaba John Kennedy suka yi magana ta waya, muryarsu na bi ta tauraron Syncom 2, ta hannun wani jirgin ruwan Amurka mai suna Kingsport da ke tsaye a tashar Legas. Wannan ce hira ta farko da shugabannin gwamnatoci biyu suka yi ta tauraron ɗan Adam. Sai kuma 1969, shekarar da aka sauka a duniyar wata, wadda ta bar mana gado biyu a baki: waƙar Kumbo Apollo 11 ta marigayi Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa, da kuma sunan Afolo da aka laƙaba wa ciwon idon da ya ɓarke a Yammacin Afirka a wannan shekara, sunan da har yau ba a canja ba.

Wannan kaɗai ya isa kashi biyu ko uku na shiri. Matsalar ita ce talabijin ba rediyo ba ce, duk jimlar da mai gabatarwa ya faɗa sai an sami hoton da za a ɗora a kanta. Hotunan NASA da sauƙi, domin yawancin abin da hukumomin gwamnatin tarayyar Amurka suka samar ba ya ƙarƙashin haƙƙin mallaka, kowa na iya saukewa ya yi amfani da shi bisa 'yan sharuɗɗa. Wahalar tana ɓangarenmu. Mai bincike zai buƙaci ya yi kwanaki a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa, yana buɗe tsofaffin jaridu irin Gaskiya Ta Fi Kwabo, sannan ya shiga unguwannin Kano neman dattawan da suka yi gadi ko tuƙi ko gyaran inji a waccan tasha. Wanda yake ɗan shekara 20 a 1962, yau ya haura 80. Wannan ɓangaren aikin ba ya jiran kasafin baɗi.

Ƙofofin da sallama ba ta buɗewa

Wuraren da ake yin ainihin aikin a Nijeriya sanannu ne. Akwai hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, wadda aka kafa a 1999, mai hedikwata a Abuja. Akwai kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, da aka kafa a 1964. Akwai cibiyar fasaha ta sojin sama da ke Kaduna, inda aka nuna wa duniya jirgi marar matuƙi mai suna Gulma a Disamban 2013, da kuma Tsaigumi a Fabrairun 2018, wanda aka ƙera tare da wani kamfanin ƙasar Fotugal. Duk wanda ya raɗa waɗannan sunaye ya san Hausa, ya kuma san aikin da aka yi jiragen dominsa.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare yana da mai gadi, mai gadin kuma yana da na gaba da shi. Mashiryi kan rubuta takarda makonni kafin ranar ɗauka, ya jera sunayen mutanensa da kayan da za su shigo da su, wani lokaci har da tambayoyin da za a yi. In wurin na soja ne, za a haɗa su da jami'in da zai tsaya kusa da kyamara, ya ce wannan kusurwa a'a, wancan allo a rufe shi. A ɗakunan da ake haɗa tauraron ɗan Adam a ƙasashen da ke ƙera shi, har tufafi ake canja wa mai ɗaukar hoto, a sa masa riga da hula da safar takalmi, a goge kyamarar tsaf, domin ƙwayar ƙura ɗaya a kan madubin tauraro ba mai hawa sama ya share ta.

Ga kuma batun jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto, wanda yanzu ko bikin aure ba ya cika sai da shi. Shiri kan sararin samaniya yana son hoton gari daga sama, a ga gonaki da tafkin madatsar Zobe da duwatsun Dutsin-Ma kamar yadda tsuntsu ke ganinsu. Amma tun watan Mayun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa ta sanar cewa ba a tayar da irin wannan na'ura sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A yankin da ake fama da 'yan bindiga, takardar Abuja ma ba ta wadatar. Sai an je an gai da hakimi da dagaci, an shaida wa jami'an tsaron da ke wurin, an kuma sa a yi shela a masallaci cewa gobe za a ga wani abu yana shawagi, na masu talabijin ne. Mutanen karkarar Arewa maso Yamma ba su manta da daren 3 ga Disamba, 2023 ba, lokacin da jirgin soja marar matuƙi ya kai hari bisa kuskure kan masu Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, mutane da dama suka rasu. Ƙarar da ɗan birni ke ji ya ɗaga kai yana murmushi, a ƙauye tana iya watsa kasuwa. Daraktan da bai fahimci wannan ba, bai kamata a ba shi mota ya fita daga Katsina ba.

Ranar ɗauka

Abin mamaki, abokin gabar mai ɗaukar shirin jirage na farko ba hoto ba ne, sauti ne. Kusa da injin jirgi ba a jin maganar mutum, don haka hirar da mai kallo yake gani ana yi a gaban jirgi, galibi an yi ta ne injin na kashe, daga baya aka ɗora ƙararsa a ƙasa-ƙasa. A cikin ɗakin tuƙi kuwa, ana jona na'urar naɗa ne da layin da matuƙa ke magana da juna ta abin kunne. A filin ƙauye, iska ce matsala, da janareta. Akan sa wa makirufo riga mai gashi don ta kashe hurawar iska, a kai janareta nesa a bayan katanga a jawo doguwar waya, sannan a yi haƙuri da zakara da injin niƙa da babur, waɗanda ba su san an ce a yi shiru ba.

Hoton ma yana da nasa siddabarun. Talabijin a Nijeriya tana nuna hotuna 25 cikin kowace daƙiƙa, ido ne ke haɗa su ya ga motsi. In juyawar farfelar jirgi mai saukar ungulu ta yi daidai da wannan ƙirga, sai kowane hoto ya kama farfelar a wuri guda, mai kallo ya ga jirgi yana tashi alhali farfelarsa na tsaye. A kyamarar waya kuma, wadda ke karanta hoto layi-layi daga sama zuwa ƙasa, farfela kan fito a lanƙwashe kamar lauje. Da yawa daga bidiyoyin da ake yaɗawa a WhatsApp ana cewa an kama Turawa suna ƙarya, wannan ne kawai sirrinsu. Ƙwararren mai kyamara yakan daidaita saurin ƙiftawar na'urarsa kafin jirgi ya tashi, domin matuƙi ba zai sauko ya maimaita saboda shi ba.

A wajen ɗaukar taurari ne ƙauye yake yi wa birni fintinkau. A Kano ko Abuja hasken fitilu ya cinye sama. A Wurma, daren da babu farin wata, Kaza da 'Ya'yanta suna nan ƙarara, da dubban waɗanda ɗan birni bai taɓa sanin akwai su ba. Rashin wutar lantarki, wanda azaba ce ga mazauna, shi ne jarin mai kyamara, kuma ya kamata ya ji kunyar hakan ko da kaɗan. Irin hoton nan da ake ganin taurari suna tafiya kamar garke, ba bidiyo ba ne, hotuna ne ɗaya bayan ɗaya. A kafa kyamara a kan ƙafafunta, a bar idonta a buɗe kamar daƙiƙa 20 don ya tara haske, a ɗauki ɗaya, a sake. Tunda ana buƙatar hoto 25 don daƙiƙa guda, daƙiƙa 10 a allo na cin hoto 250, wato wajen awa ɗaya da minti 23 ana tsaye a fili, ba a kunna tocila, ba a taɓa kyamara. Mota ɗaya ta wuce da fitila, an yi asarar wani ɓangare. Lokacin da ya fi dacewa ɗan taƙi ne, bayan ɗaukewar damina kafin hazo ya sauko, kuma a kwanakin ƙarshen wata ko farkonsa.

Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ma ana iya kama ta da ido. Tana tafiya a nisan kusan kilomita 400, tana zagaya duniya cikin kimanin minti 90, kuma hanyarta na ratsawa ta saman Katsina. Akan gan ta bayan magariba ko kafin asuba, lokacin da ƙasa ta yi duhu amma rana na haska ta a can sama, kamar tauraro mai haske da ke tafiya ba ƙyaftawa, 'yan mintoci ta ɓace. Ana sanin ranar da minti tun da wuri. Babu wani zanen kwamfuta da zai yi wa mai kallo tasirin da zai samu in ya ga 'yan makarantar garinsu sun ɗaga kai a daidai lokacin da malaminsu ya ce za ta fito, ta kuwa fito. Sai dai duk wannan aikin dare ne, a yankin da mutane suka koyi rufe ƙofa da wuri. A watan Satumban 2021 har layukan waya aka katse a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda tsaro, Kurfi da Dutsin-Ma na ciki. Mashiryi mai hankali zai yi ɗaukar daren a cikin gari, a harabar makaranta ko kan soro, da sanin masu gari, ba a bakin daji ba.

Wa ya riƙe kyamarar?

Duk inda aka nuna hoton saukar mutum a wata, a majalisar shayi ko a ofis, sai wani ya jefo wannan tambaya: in shi ne na farko, wa ya ɗauke shi yana saukowa? Tambaya ce mai kyau, kuma shirin da ya tsallake ta ya rasa rabin masu kallonsa. Amsar tana bayan kyamara.

A tafiyar Apollo 11, an ɗaure kyamarar ne a cikin wani akwatin kaya da ke jikin kumbon ta waje. Da Neil Armstrong ya fito bakin tsani, sai ya ja wata igiya, akwatin ya buɗe, kyamarar ta fuskanci tsanin. A kife aka ɗaure ta, don haka a daƙiƙun farko duniya ta ga hoton kai a ƙasa, sai da wani ma'aikaci a tashar karɓa ya murɗa makunni. Kyamarar hoto 10 kawai take aikowa a daƙiƙa, tsarin da gidajen talabijin ba sa iya watsawa, don haka a tashoshin karɓa na Amurka da Ostareliya aka nuna hoton a kan allo, aka kafa wata kyamarar ta talabijin tana ɗaukar allon. Wannan ne ya sa hoton da mutane kusan miliyan 600 suka kalla ya fito dishi-dishi. Kaset ɗin asali masu hoto mai kyau kuwa, NASA ta bayyana a 2009 cewa bincikenta ya nuna an goge su an sake naɗar wani abu a kai. In hakan ta faru da su, mai neman tsohon kaset a gidajen talabijin namu sai ya shirya zuciyarsa.

A tafiya ta gaba, Apollo 12, Alan Bean ya juya kyamara ta kalli rana bisa kuskure, nan take ta ƙone, masu kallo suka koma sauraron murya. Hoton da ya fi jawo gardama shi ne na Disamban 1972, inda ake ganin kumbon Apollo 17 yana tashi daga wata, kyamara na ɗaga kai tana binsa, alhali ba kowa a wurin. Kyamarar tana kan motar da 'yan sama jannatin suka bari, wani injiniya mai suna Ed Fendell ne yake juya ta daga birnin Houston. Saƙo na ɗaukar fiye da daƙiƙa guda kafin ya isa wata, hoton kuma ya ɗauki kamar haka kafin ya dawo, don haka in ya jira ya ga tashin, ya makara. Agogo ya bi, ya aika umarni kafin abin ya faru. A tafiyoyi biyu da suka gabata ba a dace ba, a ta uku aka samu.

Masu fim ma sun sha tasu wahalar. Don nuna mutane suna shawagi a fim ɗin Apollo 13 na 1995, an gina ɗakin kumbo a cikin wani jirgin NASA da ke hawa sama ya sulmiyo, a sami kamar daƙiƙa 25 na rashin nauyi a kowace sulmiya, aka maimaita haka sau 612. A Oktoban 2021 kuwa Rashawa suka yanke gardama, suka tura darakta Klim Shipenko da jaruma Yulia Peresild tashar sararin samaniya, suka yi kwana 12 suna ɗauka a can.

Teburin tacewa

Bayan an dawo daga fili, sai aikin da ya fi cin lokaci, inda ake zaɓar mintoci kaɗan daga awowi masu yawa. A nan ne amana take. Babu wanda ya bi NigComSat-1R da kyamara yana ɗaukarsa a inda yake. Duk hoton da aka gani na wannan tauraro yana shawagi, fuka-fukansa na ƙyalli, zanen kwamfuta ne. Ƙarar da ake ji yana wucewa ita ma ƙari ce, domin inda babu iska babu sauti. Ba laifi ba ne a yi amfani da zane, laifin shi ne a ƙi rubutawa a gefen allo cewa zane ne. Haka in an ɗauko hoton tashin roka daga Amurka aka ɗora a kan labarin tauraron Nijeriya da aka harba daga Sin. A zamanin da waya ke iya ƙirƙiro bidiyon abin da bai faru ba, mai kallon da ya kama tasha da ƙaramar ƙarya sau ɗaya zai ɗauki sauran shirin duka a matsayin tatsuniya.

Sai harshe. Hausa ta riga ta mallaki kumbo da roka da tauraron ɗan Adam da 'yan sama jannati. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen bayyana dalili. An saba cewa maganaɗisun ƙasa ne ke jawo abu ya faɗo, alhali maganaɗisu ƙarfe yake ja, ƙasa kuwa tana jan dutse da auduga da ɗan akuya. Ƙarfin jan ƙasa ya fi dacewa. An kuma saba cewa 'yan sama jannati suna shawagi ne don babu wannan ƙarfi a can, alhali a nisan kilomita 400 kusan kashi 90 cikin 100 nasa yana nan. Faɗowa suke yi, su da tashar tare, amma gudun da suke yi a kaikaice, kusan kilomita 28,000 a awa, ya sa kullum ƙasa na lanƙwashewa a ƙarƙashinsu ba sa iske ta. Marubucin da ya taso a karkara ba zai rasa misali ba: ga majajjawar korar tsuntsaye, dutse na zagaya muddin igiya na riƙe da shi, ga guga da aka saki cikin rijiya, tsakuwar da ke cikinsa ba ta danna gindinsa har sai ya taɓa ruwa. Irin wannan rubutu sai an zaunar da malamin kimiyya da malamin Hausa a tebur guda, kuma Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suna nan kusa.

Tambayar mutumin Wurma

Akwai tambayar da ta fi ta wata nauyi, kuma duk mai gabatarwar da ya miƙa makirufo a kasuwar Kurfi zai ji ta: in Nijeriya na da tauraro a sama, me ya hana a ga 'yan bindiga a dajin Rugu?

Amsar tana buƙatar a bambance taurarin. NigeriaSat-1, da aka harba daga Rasha a Satumban 2003, da NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, da aka harba tare ranar 17 ga Agusta, 2011, su ne aka ƙera don ɗaukar hoton ƙasa. Na ƙarshen injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi a Ingila yayin samun horo. NigComSat-1, da aka harba daga Sin a Mayun 2007 ya lalace a Nuwamban 2008, da magajinsa NigComSat-1R na Disamban 2011, na sadarwa ne, ba su da idon leƙen daji. Mafi kaifin ido a cikin masu hoton shi ne NigeriaSat-2, wanda ɗigo ɗaya a hotonsa yake daidai da mita biyu da rabi a ƙasa. Da wannan ana ganin hanya da gona da rufin gida da inda ambaliya ta ci, amma mutum ko babur bai cika ɗigo guda ba. Ƙari a kan haka, irin wannan tauraro ba ya tsayawa a kan Katsina yana gadi. Yana zagaya duniya ne a nisan kusan kilomita 700, ya wuce ta saman wuri cikin ɗan lokaci, sai kuma wani zagayen. Ba ya gani cikin dare, gajimare na rufe masa ido, inuwar itace na ɓoye abin da ke ƙarƙashinta. An kuma ƙera shi ne don aikin shekara 7, shi kuwa NigComSat-1R shekara 15.

Wannan amsa ba za ta yi wa jami'in hulɗa da jama'a daɗi ba, kuma a nan ne batun kuɗi yake dawowa. Shirin kimiyya ba ya jawo talla kamar wasan kwaikwayo, don haka mai ɗaukar nauyinsa sau da yawa ita ce hukumar da ake magana a kanta. Ita za ta ba da mota da masauki da izinin shiga, ita kuma za ta so ta ga shirin kafin ya fita. Mashiryin da ya san aikinsa yakan rubuta a yarjejeniya tun farko cewa hukuma na da damar gyara kuskuren fasaha da cire abin da ya shafi sirrin tsaro, amma zaɓen tambayoyi da muryoyin mutanen gari na tashar ne. In an sa hannu a kan haka kafin a kunna kyamara, to manomin Wurma da ya yi tambayar zai ga fuskarsa a allo, ya kuma ji injiniyan Abuja yana ba shi amsa da adadin mitoci, a gidan kallon da kwanonsa ke kan rufi.